Sarƙar da aka haɗa ƙarfe da zare: amsoshin tambayoyinku kafin ku saya

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kayan adon nan na aikin hannu da masu fasaha ke haɗa ƙarfe da zare ko yadi a jiki ɗaya, wata sarƙar wayar azurfa aka saƙa kamar yadda ake saƙa hula, wata siliki aka ɗinke a jikin tagulla, wata kuma ulu aka dunƙula aka ratsa shi da ƙarfe. Na zaɓi guda biyar, sauran ku yi haƙuri, ina jin za ku tsinci amsarku a ciki.

Tambaya ta farko: "Anti barka da aiki. Na ga wata sarƙa a wajen wata mai ƙera kayan ado, siririyar wayar azurfa ta saƙa kamar raga ta zura jan zaren siliki a ciki, wallahi ta shiga raina, kwana uku kenan ina komawa ina kallon hotonta. Amma kuɗin ya kusa na ƙaramar sarƙar gwal kuma ko nauyi babu. Ƙawata ta ce asara zan yi. In saya ko in haƙura?"

Toh 'yar'uwa, ƙawarki tana da gaskiya ta fuska ɗaya, kuma bazan ɓoye miki ba. In ajiyar kuɗi kike nema, abin da ranar da kika matsu za ki ɗauka a ɗora a sikeli a ba ki kuɗinki, ki sayi gwal ɗin kawai. Irin wannan sarƙar in ta hau sikeli 'yan giram ne na azurfa, zaren kuwa ba mai ƙirga shi, kinga ba za ki maido ko kusa da abin da kika biya ba.

Amma bari in faɗa miki inda kuɗin ya tafi, dan mutane da yawa gani suke tsada ce kawai ta son rai. Wayar da ake irin wannan saƙar da ita kaurinta bai wuce milimita 0.25 zuwa 0.3 ba, kuma waya ba ta da haƙurin zare, in kika yi kuskure a saƙar ulu sai ki warware ki sake, ita kuwa waya duk inda ta lanƙwashe tabon na nan, kuma yawan lanƙwasawa yana sa ta ta yi tauri har ta karye, sai mai aikin ta tsaya ta gasa ta a wuta ta yi laushi sannan ta cigaba. Shi ya sa da yawansu suke amfani da tatacciyar azurfa mai lamba 999 dan ta fi mai lamba 925 laushi a hannu, lambar tana nufin yawan azurfar da ke cikin kashi dubu na ƙarfen. Sarƙa ɗaya tana iya cin kwanaki ana zaune ana madauki ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma tunanin da ya haifi siffar tun farko, galibi ma guda ɗaya ake yi ko 'yan kaɗan, ba inji ne ya zubo dubu ba.

Kuma abin yana da tarihinsa, kar ki ɗauka yayi ne na jiya. Anni Albers, masaƙiyar nan 'yar Jamus da ta yi karatu a makarantar fasaha ta Bauhaus ta koma Amurka a 1933, ita da ɗalibinta Alex Reed wajen 1940 sun yi sarƙoƙi da washa ta kanikawa da aka zura a ƙyalle, da matatar bakin sinki da kilif ɗin takarda, dan su nuna kyau yana cikin yadda aka tsara abu ko da kayan ba su da tsada. Arline Fisch ta kafa sashen koyar da ƙirar kayan ado a jami'ar San Diego State ta Amurka a 1961, ta shafe rayuwarta tana saƙa waya da allurar saƙa da kwarashi da masaƙa, a 1975 ta fitar da littafi a kan yadda ake ɗauko dabarun saƙa a yi su da ƙarfe, har yau ɗalibai na koyo da shi. Mary Lee Hu ita kuma dabarar saƙar kwando ta ɗauko take yi da wayar gwal mai karat 18 da 22, in kika ga aikinta sai ki rantse yadi ne aka naɗe. A Ingila Caroline Broadhead a farkon shekarun 1980 ta saƙa abin wuya da zaren nailan wanda ake iya jan shi sama har ya rufe fuska. Akwai ma baje kolin da ake kira Schmuck a birnin Munik na Jamus, tun 1959 ake yinsa, can ne ake ganin sababbin ayyukan irin wannan fasaha. Na kawo duk wannan ne dan ki san abin da kike kallo ɗan'uwan zane ne da ake ratayewa a bango, sai dai shi a jiki ake rataya shi.

Ra'ayina ni dai, abin da kika yi kwana uku kina komawa kina kallo ya riga ya zama naki a zuci, in kuɗin ba na wata lalura ba ne ki saya. Amma sai kin karanta amsata ta huɗu tukuna, dan akwai abin da za ki duba a jikin sarƙar kafin ki biya.

Tambaya ta biyu: "Malama dan Allah taimaka min. Ina da abin wuya na ƙwallayen ulu da aka dunƙula, tsakaninsu akwai 'yan faifan azurfa. Na adana shi a akwatinsa wata shida ban taɓa ba, da na buɗe duk azurfar ta yi baƙi. An cuce ni ne, ba azurfa ba ce? Kuma in tsoma shi a ruwan wankin azurfa?"

Kar ki tsoma! Wannan na fara faɗa dan kar ki yi kafin ki ƙarasa karatu. Ruwan nan yana da asid, zai shiga cikin ulun ya zauna, launin ya zuba, kuma ba yadda za ki ɗauraye shi tas daga cikin dunƙulen. Haka man goge baki da wasu ke shafawa, da injin nan mai girgiza ruwa da ake wanke zobba a ciki, duk ba na wannan kayan ba ne.

Maganar cuta kuwa, ba a cuce ki ba 'yar'uwa, baƙin nan ma halin azurfa ne. Azurfa ba ta shiri da farar wuta, ko ɗan kaɗan ne a cikin iska sai ta kama shi ta fara yin rawaya-rawaya, ta koma ruwan ƙasa, ta ƙare a baƙi. Shi kuma ulu gashin dabba ne, a cikin halittarsa akwai farar wuta kuma a hankali yana sakinta, toh kin haɗa su a rufaffen akwati wata shida, iskar ba ta da wajen fita, sai ta koma kan azurfar. Masu kula da kaya a gidajen tarihi sun daɗe da sanin wannan, ba sa shimfiɗa ulu a inda za su ajiye azurfa. Robar ɗaure kuɗi ma haka take yi, kar ki taɓa ɗaure sarƙar azurfa da ita.

Kafin ki goge, ki tambayi wadda ta yi shi ko ki duba hotonsa na ranar da kika saya, dan wasu maƙeran da gangan suke baƙanta wani ɓangare na azurfa saboda zanen ya fito, in kika dirje duka kin kashe aikin. In kin tabbatar fari ne asalinsa, ki nemi ƙyallen goge azurfa busasshe, ki yanko 'yar takarda mai ɗan kauri ki tsaga ta ki sa tsakanin faifan da ulun kamar garkuwa, sannan ki bi faifan ɗaya bayan ɗaya a hankali, dan baƙin da ƙyallen ke kwasowa in ya taɓa ulu mai haske ba ya fita. Lungunan da yatsa bai kai ba ki bar su, ɗan duhu a lungu yana ma ƙara wa abin kyau.

Wajen ajiya, ki daina kulle shi ruf, ki naɗe shi a takarda marar asid ko tsohon farin ƙyallen auduga da aka wanke, ki sa takardar nan mai shanye farar wuta da ake sayarwa dan azurfa a kusa, da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi irin wanda ake samu a kwalin takalmi. Kuma ki riƙa fito da shi kina dubawa, saboda ulu yana da wani maƙiyin, asu, kuma ulun da ya sha gumi ya fi jan shi. Gaskiya ɗaya da ya kamata ki karɓa ita ce muddin ulu da azurfa suna jiki ɗaya gugar nan ba za ta ƙare ba, sai dai a rage.

Tambaya ta uku: "Hajiya ina so in saya wa maiɗakina awarwaro da 'yan kunne irin na zare da ƙarfe, amma fatarta ba ta son wasu ƙarafan, sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Na ga wanda aka naɗe ƙarfen gaba ɗaya da zare, na ce ai wannan ba zai taɓa ta ba. Haka ne?"

Allah ya saka da alheri Malam da ka yi tunanin fatarta kafin kyan abin. Sai dai zare ba katanga ba ne. Gumi yana jiƙa shi ya kai ga ƙarfen, ya narko da abin da ke jiki ya dawo da shi kan fata, kuma jiƙaƙƙen zare ya fi daɗewa manne da jiki. Mafi yawan irin wannan ƙaiƙayin wani ƙarfe da ake kira nikel ne ke kawo shi, matsalar ta yi yawan da Tarayyar Turai ta yi doka a kai tun 1994, abin da zai daɗe a kan fata kar ya saki nikel fiye da maikrogiram 0.5 a kowace murabba'in santimita a sati, wanda ake zurawa a hujin kunne ma an fi tsanantawa, 0.2 ne.

Saboda haka ka tambayi ainihin ƙarfen da ke ƙarƙashin zaren, da na ƙugiyar 'yan kunnen, da na maɗaurin, dan sau da yawa jikin abin azurfa ne mai kyau amma maɗaurin na kanti ne da aka sayo. Ka guji abin da ake kira azurfar Jamus ko alpaka, sunan ne kawai, babu ɗigon azurfa a ciki, jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Farin gwal ma wani da nikel ake haɗa shi, sai ka tambaya. Mai ruwan gwal a sama shi ma ba abin dogaro ba ne, ruwan yana gogewa abin da ke ƙasa ya fito. Waɗanda suka fi zama lafiya su ne titaniyam da niyobiyam, kuma masu wannan fasahar suna son su dan ana fito musu da shuɗi da shunayya da kore ta hanyar wutar lantarki ba tare da fenti ba, sai tatacciyar azurfa, sai gwal mai karat 18 zuwa sama na rawaya. Akwai ɗan ruwan gwaji da ake ɗigawa a auduga a goga a ƙarfe, in ta koma ruwan hoda akwai nikel, amma a maɗauri za ka gwada, nesa da zaren.

Jan ƙarfe da tagulla kan bar kore a fata, wannan ba ciwo ba ne yana wankuwa, amma a jikin zare mai haske ba ya fita. Sannan ka tabbatar ba ulun kansa ke sa ta ƙaiƙayi ba, wasu ko rigar sanyi ta ulu ba sa iya sawa. In ni ce kai, zan fara da abin maƙalawa a ƙirjin riga ko doguwar sarƙa da ke kwanciya a kan tufafi, awarwaron ya biyo baya in an ga yadda fatar ta karɓa.

Tambaya ta huɗu: "Anti ina tsakanin biyu. Ɗaya awarwaro ne na zaren siliki da aka kitsa aka kama bakinsa da tagulla, ɗaya kuma 'yan kunne na saƙar waya da ɗan yadi a ciki. Ina son wanda zan riƙa sawa kullum har wajen aiki. Wanne zai fi daɗewa?"

'Yan kunnen, ba tantama. Hannu shi ne wajen da ya fi kowane wahala a jiki, wanke hannu, sabulu, man shafawa, gogar tebur, hannun riga, zobe da awarwaro su suke shan duk wannan, kunne kuwa yana can sama ba abin da ke taɓa shi sai gashi da abin da kika yafa. Siliki yana da ƙarfi in a bushe yake amma ruwa na rage masa ƙarfi, gumi da turare suna cinsa, rana kuma tana kodar da shi ta ruɓar da shi fiye da yawancin zaruruwa, shi ya sa a gidajen tarihi ake nuna yadi a haske mai rauni sosai. Akwai kuma zare mai sheƙi da ake sayarwa kamar siliki alhali biskos ne, wannan in ya jiƙe kusan rabin ƙarfinsa ke tafiya. Auduga da lilin ba sa tsoron ruwa, ƙarfi ma suke ƙarawa, sai dai suna kama datti. Na yau da kullum dai ba kamar poliyesta da nailan, ko da yake farin nailan yana yin rawaya in ya daɗe yana shan rana.

Yanzu ga abin da na fi so kowa ya riƙe a duk wannan rubutun. Irin wannan kayan abu biyu ne masu tsawon rai daban aka ɗaura musu aure, ƙarfen zai iya kaiwa jikokinki, zaren kuwa komai kyansa sai ya tsufa, toh inda za su fara rabuwa shi ne mahaɗa, daidai inda zare ya shiga ƙarfe. Nan za ki kai idonki da yatsanki. Ki shafa bakin hujin da zaren ya bi, in kin ji kaifi ko kaushi ki sani duk motsin da kika yi yanka zaren yake a hankali kamar zarto, mai aikin kirki tana goge bakin hujin ya yi sumul ko ta sa masa ɗan bututu. Ki duba yadda aka kama bakin zaren, ɗinke shi aka yi ta cikin huji, ko matse shi aka yi da ƙarfe, ko gam kawai aka ɗura. Gam kaɗai ni ba na yarda da shi, yana bushewa ya yi rawaya ya saki, wani ma ya tsotsu cikin zaren ya sa shi ya sandare ya karye daidai wajen. Ki juya bayan abin, bayan ne ke tona asirin aiki, in baya a tsaftace yake gaba ma haka.

Sai babbar tambayar da za ki yi wa mai sayarwa: in zaren nan ya mutu, ana iya cire shi a sa sabo ba tare da an lalata ƙarfen ba? Kuma ke za ki yi min, ko kowane mai gyara zai iya? Wannan yana da muhimmanci saboda ba a kai wuta kusa da zare, in wani abu ya ɓalle a ƙarfen ba a iya yi masa walda sai an kwance yadin gaba ɗaya, shi ya sa masu lura suke haɗa aikinsu da ƙusoshi ƙanana da noti da ɗinki yadda za a iya kwancewa a mayar. Na taɓa sayen wani abin ƙirji na farin lilin da aka shimfiɗa a kan firam, ina matuƙar sonsa, ban tambayi ƙarfen da ke ciki ba ashe baƙin ƙarfe ne ba a rufe shi da komai ba, damina ɗaya tsatsa ta ɓullo ta cikin yadin, kuma an manne shi yadda ba ya kwantuwa, har yau yana nan a ajiye ina jin ciwonsa. Tsatsa ba tabo kaɗai take bari ba, cin yadin take har ya huje. Ki tafi da ɗan maganaɗisu, in ya kama ki tambaya wane irin ƙarfe ne kuma da me aka kare shi.

Su ma 'yan kunnen naki suna da nasu, saƙar waya in aka danne ta ta lotsa ba ta komawa daidai, kar ki jefa su a jaka ko ki kwana da su, ki nema musu ɗan gwangwani mai tauri. Ki bi bakinsu da ɗan yadi mai santsi tun a wajen saye, in ya kama zare akwai kan waya da ba a ɓoye ba, zai riƙa jan miki mayafi da gashi. Turare da mai su riga su hawa jiki su bushe, su kuma su zo a ƙarshe.

Tambaya ta biyar: "Malama na sayo sarƙar saƙar waya ta intanet an ce azurfa ce, amma na duba ko'ina ban ga hatimin 925 ba. In mayar?"

Kar ki yi gaggawa 'yar'uwa. Wayar da ba ta fi gashi kauri sosai ba ba ta da wajen buga hatimi, galibi a maɗauri ake sawa ko a wani ɗan faifai da ake ratayawa kusa da shi, ki duba can da gilashin ƙara girma. Dokokin ƙasashe ma sun bambanta, a Birtaniya misali azurfar da ba ta kai giram 7.78 ba doka ba ta tilasta a buga mata hatimi, gwal kuma ƙasa da giram 1, wasu ƙasashen ma ba dole ba ne sam. Kuma hatimin shi kaɗai ba hujja ba ne tunda ana buga na ƙarya.

Inda za ki fi lura shi ne akwai wayar jan ƙarfe da ake yi wa ruwan azurfa, da wadda ake shafa wa launi a sama, ana saƙa da su sosai kuma ba laifi ba ne in an faɗa, laifin shi ne a sayar miki da ita da sunan azurfa. Ki nemo inda aka yanke kan wayar ki duba, in cikin ja ne toh jan ƙarfe ne. Ki rubuta wa mai sayarwar ta faɗa miki a rubuce wane ƙarfe ne, wane zare ne, yaya ake tsaftace shi, kuma tana gyara in ya lalace, wadda ta yi abin da hannunta ba za ta yi minti biyar tana neman amsar nan ba. In amsar ta zo a fili kuma kan wayar fari ne har ciki, ki riƙe sarƙarki. In aka fara kwana-kwana, ki mayar tun kwanakin da aka ba ki na mayarwa ba su cika ba, kuma kar ki sa ta ko sau ɗaya kafin nan, dan zare yana riƙe ƙamshin turare da mai, za a ce kin yi amfani da ita.